Ranar da Fadamar Barmo Ta Tashi

Tsofaffin Tudun Marke sun ce a zamanin da, tun ayarin raƙuma na sauka garin da gishiri da takarda, an wayi gari wata Talata aka tarar Fadamar Barmo ba ta nan.

Ba ambaliya ce ta cinye ta ba, ba kuma rairayi ne ya binne ta ba. Tashi ta yi ɗungurungum, da rakenta da albasarta da dabinonta goma sha ɗaya. Gonar gabas da ta yamma suka matso suka haɗe kamar bakin rauni da ya warke. Waɗanda suka fara ganin abin kuwa su ne mutanen da suka fito da sanduna don su yi faɗa a kanta.

Barmo babban mai ƙasa ne a lokacinsa, gandunsa sai an yi yini ana tafiya ba a ƙure shi ba. Da tsufa ya kama shi, ya ba da fadamar wakafi ga gidan malamai da ke bakin ƙofar gari, inda ake karantarwa, ake sauke matafiya, ake jinyar marasa lafiya. Shekara sittin ba wanda ya ce uffan. Sai kogi ya sauya hanya ya lashe gandun jikokinsa, ya bar musu tsandauri. Nomau, wanda gidan ke hannunsa, yana da baki arba'in da zai ciyar. Ya tashi ya ce fadamar nan aro kakansa ya bayar, lokacin mayarwa kuma ya yi. Malam Jibo, shugaban gidan malamai, ya ce kyauta ce har tashin duniya. Alƙali ya ce a kawo takarda. Aka buɗe akwati, aka tarar gara ta mayar da ita gari. Daga nan magana ta bar hannun alƙali ta koma hannun masu sanduna.

Akwai mace ɗaya da rigimar ta fi ci wa rai, ita ce Tasalla, yayar Nomau. Tun da mijinta ya rasu take aiki a fadamar, ita ce kuma mai girka wa majinyatan gidan malamai. Idan ta je gidansu a ce ta zama ta malamai, idan ta dawo a daina magana don 'yar gidan Barmo ta shigo.

Safiyar nan, maza na tsaye baki sake, Tasalla ta sunkuya tana duba ƙasa. Ta ga wani faffaɗan sawu na baƙar laka, kamar an ja jiƙaƙƙen bargo, ya nufi daji, ga ganyen albasa a zube jefi-jefi. Ta ɗaura ɗamara, ta ce za ta bi. Damina saura kwana ashirin, rumbunan gidajen biyu sun kusa ƙasa, in ba a shuka shinkafa bana ba akwai waɗanda ba za su ga baɗi ba. Ta dubi ƙanenta da Malam ta ce duk mai cewa fadamar tasa ce, ga hanya. Kunya ta hana su zama. Suka bi bayanta, kowa na ɗauke kai daga ɗan'uwansa.

Kwana uku suna bin lakar. Ran na huɗu da hantsi suka ga ƙasa ta ƙare, sai wata hanya mai faɗin tabarma da ta ratsa tsakanin ramuka biyu da ba a ganin ƙasansu. A bakin hanyar akwai duwatsu a kafe, kowane da fuskar mutum. Tasalla ta yi sallama. Wani dutse mai gemu ya amsa da murya kamar ana niƙa.

"Aminci ya tabbata ga masu tafiya. Mu ne waɗanda suka matsar da duwatsun iyaka a duniya don su ci gonar maƙwabci, aka kafe mu a nan mu yi aikin duwatsun. Ku wuce, amma ku sani hanyar nan tana jin magana. Duk wanda ya ce abu nasa ne, za ta rage taki ɗaya."

Suka hau. Ba su yi nisa ba Malam Jibo ya yi tuntuɓe da guntun rake, ya ɗauka ya ce ai wannan daga fadamarmu ne. Hanya ta tsuke. Nomau ya juyo a fusace ya ce wace fadamarku, tawa dai. Ta ƙara tsukewa, har ta koma faɗin tafin ƙafa, ƙafar Nomau ɗaya ta zame cikin rami. Malam bai tsaya tunani ba ya miƙa masa sandarsa, sandar da ya fito da ita don ya fasa masa kai, ya jawo shi. Tasalla ta ce daga nan har su sauka kada wanda ya sake buɗe baki. Suka ƙarasa da rarrafe, gwiwoyinsu duk sun saɓule.

Bayan hanyar suka iske wani kogi baƙi ƙirin, yana warin tawada. Sawun fadama ya shiga ruwan ya fita ta ƙetare. Babu jirgi, sai wani zalɓe da ya fi giginya tsawo, tsaye da ƙafa ɗaya. Ya sunkuyo da dogon wuyansa ya gaya musu ruwan nan wankin rantsuwar ƙarya ne da ake yi a duniya, duk wanda ya taɓa shi zai manta sunansa. Ya ce yana ɗaukar mutane a bayansa, amma ba ya iya tashi da mai ɓoye magana a ƙirji, don ta fi dutse nauyi.

Nomau ya fara hawa. Zalɓe ya buga fiffike, ya kasa ɗagawa. Nomau ya sauko, ya dubi ruwan, sannan ya ce bai taɓa jin ubansa ya ce aro ne ba. Shi ya ƙirƙiri maganar ranar da ya ga matan gidansa suna dafa ganye zalla. Malam Jibo ya share gumi. Ya ce shi kuma ya karanta takardar tun yana saurayi, ya san akwai wani sharaɗi da ya shafi zuriyar Barmo, amma ya yi shiru a gaban alƙali don tsoron kada a rage abincin majinyata, yanzu kuma ya manta yadda aka rubuta shi.

Suka juyo suna jiran Tasalla ta hau, don ba su zaci tana da abin faɗa ba. Ta tsaya.

"Allah gafarta Malam, shekara biyu da suka wuce ina sharar ɗakin littattafai na ga hanyar gara ta hau akwatin nan. Da na yi magana da an ceci takardar. Na yi shiru. Na ce a raina in ta ɓace, wataƙila a tausaya wa ƙanena a ba shi wani abu. Ni ce na jawo sandunan nan."

Nomau ya kau da kai yana goge ido da hannun riga. Zalɓe ya kwashe su ukun a tashi ɗaya, ya ce bai taɓa ɗaukar kaya marar nauyi irin wannan ba. Da ya sauke su ya nuna musu wani jan tsauni, ya ce su bi ta can, don masu cin takarda ba sa manta abin da suka ci.

Ashe tsaunin suri ne. Suka sunkuya suka shiga wata ƙofa, ba su san ko su ne suka ƙanƙance ko surin ne ya buɗe ba, sai ga su cikin birni mai tituna da rumfuna da benaye na jar ƙasa, gara na kai da kawowa kowace girman tunkiya. Dogarai masu manyan kawuna suka kewaye su suka kai su fada. Sarauniyar Gara tana kwance, fara sol, tsawonta ya kai zaure uku, bayi na yi mata fifita.

Tasalla ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta faɗi abin da ya kawo su. Sarauniya ta ce, "'Yan Adam kuna zaginmu da ɓarna, alhali mu ne ma'ajiyarku. Kowace kalma da kuka rubuta kuka wofintar, akwai ɗiyata da ta haɗiye ta, tana nan a cikinta. Sai dai ba ma karanta wa kowa kyauta. Me kuka kawo mana mu ci?"

Ba su da komai sai guzurin da ya kusa ƙarewa, gara kuwa ba ta son ƙuli-ƙuli. Malam Jibo ya ajiye sandarsa a gaban Sarauniya. Nomau ya dube shi, shi ma ya ajiye tasa. Kafin su ƙifta ido an cinye su tas.

Aka buga ganga, rundunar da ta ci takardar Barmo ta fito ta yi layi. Kowace ta matso ta faɗi kalma ɗaya ta wuce, maganar ta riƙa fitowa ɗiɗɗiga kamar ɗigon ruwa daga indararo: "Ni Barmo na ba da fadamar nan wakafi ga gidan malamai, ba sayarwa, ba gado, muddin ana girka wa baƙo da majinyaci. Idan yunwa ta sami zuriyata, a ba su..." Sai aka yi shiru, akwai gurbi a layin. Ta bayan gurbin ta ci gaba: "na amfaninta har su miƙe. Shaidata Magajiyar Ruwa, wadda ta yarda na sare wurin bisa alkawarin ba za a zubar da jini a kansa ba."

Nomau ya tambaya a ba su me, rabi ne ko sulusi. Sarauniya ta ce wadda ta haɗiyi kalmar nan ba ta dawo gida ba, wata jar kaza ce ta tsince ta a tsakar gidan malamai. Malam Jibo ya sunkuyar da kai, don kazar tasa ce, kuma an yanka ta da Sallah.

Gara suka raka su ta wata hanya a ƙarƙashin ƙasa, suka ɓulla gaban wani gida da aka gina da ruwa tsaye, kifaye na yawo cikin bangonsa. A ciki wata dattijuwa ce zaune kan kujerar laka, gashinta koren gansakuka ya zubo har ƙasa, kada biyu na kwance a ƙafafunta. Bayanta kuwa abubuwa ne nannaɗe kamar tabarmi, an jera su har rufi, ba sa ƙirguwa. Ita ce Magajiyar Ruwa.

"Ranki ya daɗe," in ji Tasalla, "mun zo biko."

"Na san ku," in ji Magajiya. "Barmo ya zo mini da ƙwaryar nono da ladabi, na ba shi wuri mafi daɗi a ƙasata. Da ya bayar don a ciyar da baƙi na ji daɗi, na ƙara mata ruwa. Ku kuma kuka zo mata da sanduna. Waɗannan da kuke gani duk gonaki ne da na naɗe daga hannun masu faɗa, wasu sun shekara dubu ba wanda ya biyo su. Ku nuna mini taku. Zaɓi ɗaya gare ku, in kun kuskure kadojina ba su karya kumallo ba."

Nomau ya ce ya san ta da iyakokinta, amma a naɗe ba a ganin iyaka. Malam ya ce ya san yawan damman da take bayarwa, amma wannan bai nuna masa komai ba. Tasalla ta tashi ta bi layi, tana tsinkar ƙasa daga bakin kowane naɗi tana ɗanɗanawa. Wata tsami, wata gishiri, wata ɗaci. Ta yi ta yi har harshenta ya tsage, kadojin suka miƙe suna bin ta a baya sannu a hankali. Can wajen la'asar ta sa wata a baki ta tsaya. Laka ce mai ɗan kanwa-kanwa da ƙanshin saiwar rake, irin wadda ta shekara ashirin tana shiga mata baki idan tana dashe. Ta dafa naɗin ta ce wannan ce. Kadojin suka koma suka kwanta.

Magajiya ta ce Tasalla ta ci wannan gwajin. Saura kalmar da kaza ta ci, su faɗa mata abin da za a sa a gurbin, amma da baki ɗaya. Nomau ya ce rabi. Malam ya ce ɗaya cikin goma, fiye da haka majinyata za su kwana da yunwa. Bangon ruwa ya fara girgiza, Magajiya ta ɗaga hannu za ta sallame su.

Tasalla ta roƙi a ba ta numfashi ɗaya. Ta ce ita ba ta san kalmar ba, kuma ba za ta ƙaga wa mamaci magana ba. Abin da ta sani shi ne kudancin fadamar ya shekara goma sha biyu a saure, don malamai ba su da hannun nomansa, tofa da gamba sun cinye shi. Ta juya ga ƙanenta.

"Nomau, kana da hannuwa ba ka da ƙasa. Malam yana da ƙasa ba shi da hannuwa. Fadama ta zauna wakafi yadda kaka ya bar ta, kada ka sake kiranta gado. Ku sare kudancin ku noma ku ci, ku haƙa magudanar da za ta shayar da wurin duka. Ranar da kuka miƙe, ku mayar da shi a gyare."

Nomau ya ce wato shi jikan Barmo zai zama manomi a ƙasar kakansa da izinin wani. Tasalla ta ce ƙwarai, kuma 'ya'yansa za su ci tuwo. Sai Nomau ya ce, "Na ji, Yaya." Malam Jibo ya ce shi ma ya yarda, ya ƙara da cewa irin shukar bana daga rumbun malamai za a ɗiba, don ya san na gidan Barmo an cinye.

Magajiya ta yi murmushi. Ta ce tana nan lokacin da aka rubuta takardar, ta kuma tuna kalmar sarai, amma ba za ta faɗa ba, don abin da suka sa ya fi ta. Ta sa aka ɗora musu naɗin a kafaɗa, mutum biyu ke ɗauka, nauyinsa kamar na azara. Ta gargaɗe su kada ya taɓa ƙasa sai a mazauninsa, duk inda ya taɓa nan zai kama. Ta buɗe musu wata ƙofa ta baya wadda ba ta bi ta kogi ko ramuka, tafiyar kwana bakwai cikin busasshen daji.

Suka riƙa karɓa-karɓa, in za su huta su ɗora shi a kan cinyoyinsu suna zaune. Laka na ɗigo musu a wuya, kwaɗi na kuka a kunnensu daga cikin naɗin. Ran na biyar, rana tsaka, gwiwar Malam Jibo ta ƙi, ya durƙushe. Tasalla ta yi wuf ta tallafe, amma kusurwa ɗaya ta riga ta shafi ƙasa. Nan take ta yage ta shimfiɗe, ga dabino uku tsaye, ga idon ruwa na ɓulɓula a tsakiyar fako. Malam ya fashe da kuka yana neman gafara. Nomau ya ce masa ya tashi, tsoho mai shekara saba'in da ya ɗauko fadama kwana biyar ba shi da laifi a wurin kowa. Daga nan 'yan'uwan biyu suka ɗauka har gida, Malam na gaba yana kawar musu da ƙaya.

Suka iso Tudun Marke hadari ya haɗo a gabas. Gari duka ya fito. Da suka tsaya a wurin, gonar gabas da ta yamma suka ja da baya da kansu, suka sauke naɗin suka warware. Fadama ta kwanta a mazauninta da rakenta da albasarta, sai dai dabino takwas, kuma kusurwar arewa a gutsure. Alƙali ya rubuta sabuwar takarda har guda uku, aka ba Tasalla ɗaya. Kwana biyu bayan haka ruwa ya sauka, mutanen gidan Barmo suka shiga tofa da gamba da adduna. Shekarar ba a ƙoshi sosai ba, amma ba a binne kowa don yunwa ba. A shekara ta bakwai kogi ya janye ya bar sabuwar ƙasa, Nomau ya mayar da kudancin fadama da magudanarsa, ko da yake an ce sai da ya yi wata guda yana gunaguni.

Da Tasalla ta tsufa, bayan Malam Jibo ya riga mu gidan gaskiya, ta ce tana son ganin kusurwar da ta faɗi. Ta hau jaki ta bi wani ayari. Ta tarar wurin ya zama zango, dabinon sun hayayyafa, ga bukkoki bakwai na wasu mutane da fari ya koro daga arewa, ga raƙuma na shan ruwa. Wata mata mai goyo ta tare ta, ta ce sun iske wurin haka ba kowa, kullum suna fargabar ranar da mai shi zai zo ya tashe su. Ta kalli Tasalla da kyau, ta tambaye ta ko ta san masu wurin.

Tasalla ta dubi dabinon, ta dubi yaran da ke wasa a bakin ruwa. Ta ce ita matafiya ce, ƙishirwa ta kawo ta. Matar ta ɗebo mata ruwa a ƙwarya, ta sha, ta yi godiya, ta zauna a inuwa har rana ta yi sanyi.

Iyakar abin da ya iso kunnena ke nan, na kuwa sauke muku shi yadda na ɗauko.